Motar Gwajin Kawu Tanimu

Zuwa ga Kawuna kuma Ogana, Malam Tanimu Makanike,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga ubansa, da ta yaron gareji ga maigidansa, tare da fatan Allah Ya sa inda kake ya fi inda ka bari. Ni ne Habibu, ɗan Yayarka, wanda ka karɓa daga hannunta a unguwar Ali Kazaure ta Jos yana ɗan shekara goma sha shida. Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Na rubuta ne na sa a shafina saboda kwana biyu ke nan kaina a ɗaure, kuma duk wanda na yi niyyar faɗa wa baki da baki sai in ji nauyinsa. Masu karantawa su yi mini haƙuri, ba da su nake ba.

Jibi Asabar ake so in yaye yarinyar da ke koyon aiki a hannuna. Za a kawo takarda in sa hannu cewa ta ƙware, ta isa a ba ta motar mutum ta gyara ba tare da an tsaya mata a kai ba. To Kawu, ni wa ya yaye ni? Tambayar da ta hana ni sakat ke nan, kuma mai amsarta ya riga ya tafi.

Ka tuna tsarinka. Tsohuwar farar motar nan da ke ƙarƙashin rumfa a bayan garejinmu na Kwango-Rasha, wadda ba ka yarda a sayar ba, ita ce ɗakin jarrabawarka. In lokacin yaro ya yi, sai ka aike shi sayo wani ɗan ƙaramin abu can nesa. Kafin ya dawo ka ɓata wani abu a jikin motar. Yana isowa sai ka ce, “Motar nan ba ta da lafiya. Kwana uku na ba ka.” Iyakar maganar ke nan, ko mutum zai yi kuka ba za ka ƙara ba.

Cikin yaranka, Isiyaku wayoyin fulogi ka sauya masa wuri. Monday tsumma ka cusa masa a salansa, bututun hayaƙin motar, ya kwana biyu yana kwance kafireta yana ɗaurawa, mu muna ta yi masa dariya. In yaro ya gano ciwon, a dafa shinkafa, a kira maƙwabta, kowa ya yi addu'a irin tasa. Sannan ka miƙa masa sifana mai lamba goma sha biyu da sha uku, wadda ka buga sunansa a jiki da hannunka. Wannan sifana ita ce satifiket ɗinmu. Duk wanda ya fita daga hannunka, a bangon garejinsa yake rataye ta.

Nawa lokacin ya zo bayan shekara bakwai. Na dawo daga aiken ina ta rawar kafaɗa, don a lokacin gani nake babu injin da zai gagare ni a duk faɗin Jos. Na murza makulli, mota ta tashi bugu ɗaya. Na saurara, murya lafiya ƙalau. Na fita da ita na zaga unguwa, giya na shiga, birki na kamawa, babu zafi, babu hayaƙi. Na dawo na same ka a kan benci kana ɓantarar gasasshiyar masara. Ka ce, “Ka zagaya motar?” Na ce na zagaya. Tambayar da kake yi mana kullum ce a kan kowace mota, har mun daina jinta.

Rana ta biyu na buɗe duk abin da ke buɗuwa a ƙarƙashin bonet. Ina cikin haka, bayan azahar, na ji faɗuwar benci. Na ɗago na gan ka a ƙasa, bakinka ya karkace.

Kwana tara ka yi a asibiti babu magana. Akwai ranar da muka rage mu biyu a ɗakin, na sunkuyo kusa da kunnenka da niyyar in tambaye ka abin da ka ɓata. Kunya ta kama ni. Mutum yana fama da ransa, ni kuma mota ce a kaina. Ka dube ni, ka ɗaga hannunka mai lafiya, ka riƙa juya yatsa a iska kana zana da'ira. Na ɗauka kwanciyar ce ta ishe ka, sai na kira ma'aikaciyar jinya muka juya ka ɗaya ɓarin. Ka rufe ido. Har gobe ban san ko haushi ne ya sa ka rufe su ko gajiya ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Umma. Bayan sadakar bakwai dangi suka zauna suka ce Habibu ya ci gaba da riƙe gareji. Wani ya ce, “Ai ya riga ya yaye ka ko?” Na sunkuyar da kai. Suka ɗauka alhini ne, suka wuce zuwa wata magana. Bayan mako biyu na shiga kasuwa na sayi sifana sha biyu da sha uku, na ari ƙarafan buga harafi, na buga sunana da kaina, na rataye a bango. Shekara goma sha huɗu tana nan. Duk wanda ya shigo ya gan ta sai ya ce Allah Ya jiƙan Malam Tanimu, ni kuma in ce amin.

Motar ban bar ta ta huta ba. Duk bayan ‘yan watanni in aiki ya yi sauƙi sai in sa mata batir, in zuba sabon fetur, in sake nema. Na sauke giya. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Na zare tankin mai na wanke, na buɗe birki ƙafa huɗu, na cire lagireto na duba. Akwai lokacin da na fara zargin ko ba ka ɓata komai ba, ko ciwon ya riga ya fara taɓa maka tunani ka manta. Akwai kuma lokacin da na ce ƙila gwajin ke nan, ka ga ko zan iya duban idonka in ce motar lafiyarta ƙalau. Sai in tuna kai ba ka wasa da magana. In ka ce ba ta da lafiya, to ba ta da lafiya.

Yara huɗu suka koyi aiki a hannuna, ko ɗaya ban yaye ba. Duk wanda lokacinsa ya yi sai in ce bai nuna ba, ya ƙara wata shida. A haka suka gaji suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Sabi'u, wanda ya fi su hannu, yanzu yana da garejinsa, kuma in ya wuce ta ƙofarmu kansa yake kawarwa. Bai yi laifi ba. Ni ne na kasa miƙa wa wani abin da ba a miƙa mini ba, kuma na kasa faɗin dalili.

Shekara biyu da suka wuce wasu mutane suka zo daga wani shirin koya wa matasa gyaran ƙananan motoci. Tsarinsu shi ne yaro ya yi wasu kwanaki a aji, sauran a garejin da aka tura shi, yana riƙe da littafin da ake rubuta duk aikin da ya yi. Suka dubi gareji, suka dubi sifanar bango, suka ce na cancanta. Sai suka turo mini mace. Sunanta Chundung, daga wajen Kuru take shigo mota kullum, cikin sanyin safiyar nan da ke sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa, kayan aikinta a jaka.

Ban san yadda za ka karɓe ta ba, Kawu. Ni dai da farko raina ta na yi. Duk motar da aka kawo, sai ta ɗauki littafinta ta kewaye ta tana duba fitila, tana duba gilashi, tana taɓa taya, tana yin alama da biro. Nakan ce mata, “Littafi ne zai kwance miki noti?” Sai ta ce, “Oga, littafin ya ce a fara daga waje.” Hausarta irin ta mutanen wajen ce, mota ma “shi” take ce mata. Amma hannunta ba ya gardama. Birki in ta ɗaura ba na sake dubawa. Na'urar nan da ake jona wa motocin zamani ta faɗi inda ciwo yake, ita ta zaunar da ni ta koya mini, ba ta kuma taɓa faɗa wa kowa ba.

Kwatsam mutanen shirin suka aiko cewa Asabar za su zo da takarda. Wannan karon babu damar cewa ta ƙara wata shida, sai da hujja. Sai na ce mata a garejin nan muna da namu gwajin, na ba ta labarin tsarinka. Shekaranjiya Talata na aike ta sayo ruwan batir, na zauna a kan bencinka ban taɓa komai a motar ba. Da ta dawo na ce, “Motar nan ba ta da lafiya. Kwana uku na ba ki.”

Me ya sa na yi haka? Na tambayi kaina sau ba adadi. Wani ɓangare na zuciyata yana fata ta gano abin da ya gagare ni. Wani ɓangaren kuma, Allah Ya yafe mini, so yake ta kasa, in sami abin da zan faɗa wa mutanen shirin. Na ba yarinyar mutane jarrabawar da ni kaina ban san amsarta ba. Wannan ba adalci ba ne, na sani tun ina faɗin maganar.

Ko bonet ba ta buɗe ba. Ta ɗauki littafinta ta fara kewaye. Ta kunna fitilu, ta gwada oda, ta bi tayoyi huɗu. Sannan ta shimfiɗa kwali ta kwanta a bayan motar, ta fara kwance ƙarfen da ke riƙe da safaya. Ka san irin motar, a ƙarƙashin but, wurin zuba kaya na baya, tayar take rataye. Na ɗaga murya daga benci na ce, “Ke, bar wannan, aikin mai faci ne. Mu makanikai ne.” Daga ƙarƙashin motar ta ce, “Oga, yana cikin littafi. In taya ya fashe ma mutum a hanyan Kuru, ba zai tambaya aikin wane ne ba.”

Ta janyo tayar waje, ta taka ta da ƙafa, tayar ta lotsa. Babu iska ko kaɗan. Ta kifa ta. A cikin kwarmin ƙarfen, ta ɓarin da ke kallon sama, ga wani ƙunshi an ɗaure da waya. Ta warware leda, ta warware tsumma mai baƙin mai. Tun daga nesa na gane tsumman, yankin tsohuwar shuɗiyar rigar aikinka ne. A ciki akwai ɗan ƙarfen nan na cikin bawul mai riƙe iska, wanda ka zare. Kusa da shi ga sifana sha biyu da sha uku, ta ɗan yi tsatsa a baki. A jikinta an buga HABIBU, harafin ƙarshe ya ɗan karkace, yadda naka ke yi kullum.

Ko awa ɗaya ba ta yi ba, Kawu.

Ta dubi sifanar, ta ɗaga kai ta dubi ta bango, ta sake duban ta hannunta. Sai ta taso ta miƙo mini da hannu biyu ta ce, “Oga, naka ne wannan.” Na karɓa. Ta ce, “Na ci ko?” Abin da ya iya fita daga bakina shi ne, “Je ki ci abinci.” Ta tafi. Har yanzu ban sani ba ko ta ɗauka ni na shirya mata ƙunshin, ko ta gane komai ta rufa mini asiri. Jiya da yau ta zo aiki kamar kullum, tana kirana Oga, ba ta sake kallon bangon ba.

Sau nawa na kwanta a ƙarƙashin motar nan, tayar tana rataye a saman fuskata? Na sha kafa mata gwiwa ina kwance salansa. Tayar da ba ta ɗauke da nauyi ba ta nuna ba ta da iska, sai an taɓa ta. Ni kuwa ban taɓa duba ta ba, don a kaina taya ba aikina ba ce.

Sai abin da na manta ya dawo mini. Kamar wata guda kafin gwajina, na yi wa motar wani malamin makaranta sabis, inji ya yi kyau har ya yaba. Washegari tayarsa ta fashe a bayan gari, yana tare da matarsa da jariri, ana tafka ruwa, ya sauke safaya ya tarar babu iska. Kai ka ɗauki taya ka hau babur ka kai masa. Ka dawo jagab, kana rawar sanyi. Na ce, “Kawu, ai wannan laifin mai faci ne.” Ka dube ni, ka shiga ka sauya riga. Ashe kowa da inda kake auna shi. Isiyaku gaggawa ce da shi, Monday ba ya sauraren mota, ni kuma girman kai.

Na mirgina tayar zuwa rumfar Baba Pam mai faci, maƙwabcinka na shekara da shekaru. Ya tsufa, yaransa ke aikin yanzu, shi yana zaune. Yana ganin tayar ya miƙe. Ya ce, “Sai yau?” Ashe shi ya ara maka abin zare bawul. Ya ce ka gaya masa, “In Habibu ya kawo maka tayar nan, ka aiko a faɗa mini, a ɗora shinkafa.” Ya ce ya jira, da ya ga sifana a bango sai ya ɗauka na gano na kai wa wani mai faci. “Na ji zafi fa. Ina nan kusa da kai, ka kai ma wani. Shi ya sa ban cika shiga wurinka ba.” Ni kuma duk shekarun nan ina cewa tsufa ne ya sa shi shariya. Na zauna a kan tsohuwar taya na faɗa masa gaskiya duka. Da na gama, sai ya ce wa yaronsa ya kawo famfo.

To yanzu ka gaya mini, Kawu, na ci ko na faɗi? In an bi ƙa'idarka, na faɗi tun rana ta uku, kuma na yi ta faɗuwa shekara goma sha huɗu. Amma ga sunana ka buga tun kafin in fara. Ka riga ka yarda da ni ne, ko kuwa kowa haka kake yi masa? In na faɗi, da ka zare sifanar ka ajiye, ko da ka ƙara mini kwana? Da'irar da ka zana a asibiti, taya kake nufi, ko cewa kake in zagaya motar, ko dai da gaske juyi kake so? Na juya abin ta kowace fuska, kowace amsa sai ta yi kamar ita ce, in an jima kuma ta rushe.

Ga kuma wanda ya fi ɗaure mini kai. Sifanar da na jira daga hannunka, daga hannun yarinyata na karɓe ta. Wa ya yaye wa ke nan? Ranar Asabar zan zauna a kan kujera in sa hannu cewa ta ƙware, alhali ita ta ci jarrabawar da ta kayar da ni. Abin da na yi shekara biyu ina yi wa dariya a littafinta, shi ne tambayarka ta kullum, an rubuta ta da Turanci.

Na yi tunanin in yi shiru. In sauke sifanar bango, in rataye taka a wurin, babu mai ganewa sai Baba Pam da Chundung, kuma dukansu ba masu surutu ba ne. Na kai hannu zan yi hakan jiya, sai na kasa. Shirun farko shi ya ci mini yara huɗu.

Yau da safe na shiga kasuwa ba tare da na yanke shawarar komai ba. Na sayi sifana sha biyu da sha uku, na dawo na zauna a kan bencinka da ƙarafan harafi. Ina bugawa ina ce wa kaina ai ajiyewa kawai zan yi, ban san ko zan iya miƙawa ba. Sai da na gama na ga na buga sunanta cikakke, harafi takwas, alhali ban gama da kaina ba. Na daɗe ina kallonta. Ko kai ma haka ka zauna a nan ka buga nawa, kana sane da halina, kana sane da girman kaina? A nan ne kuka ya zo mini, Kawu, wanda ban yi ba ko ranar jana'izarka. Na yi kewarka ƙwarai.

Na aika a gaya wa Umma ta sa a ɗora shinkafa ranar Asabar. Na aika wa Sabi'u da sauran ukun cewa ina roƙon su zo, ban san ko za su amsa ba. In sun zo, akwai abin da zan faɗa musu a gaban kowa, kuma akwai sifanonin da suka daɗe suna jira. Ta bango zan sauke ta da hannuna. Taka kuwa zan ba Baba Pam ya riƙe, tunda shi ka bar wa saƙo. In ya ga na cancanta ya miƙo mini, sannan in juya in miƙa wa Chundung tata. In ya ga ban cancanta ba, zan sa mata hannu duk da haka, don ita ba ta da laifi a ciki. Ban san ko haka za ka so ba. Iya abin da hankalina ya iya kaiwa ke nan.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya haskaka makwancinka, Ya sa duk motar da ta fita daga hannunka ta kai mutane gida lafiya ta zame maka lada. Ya yafe maka kurakuranka, ni ma ka yafe mini ƙaryar da na rataye da sunanka. Ya sa wa hannun yarinyar nan albarka, Ya sanyaya zukatan waɗanda na ɓata wa lokaci.

Tayar kuwa an mayar mata da bawul, ni na riƙe famfo na cika ta. Na maida ita wurinta na ɗaure, sannan na zagaya motar. Yanzu lafiyarta ƙalau, sai dai kwana ukun da ka ba ni sun daɗe da wucewa.

Wassalam.

Ɗanka kuma yaronka har yanzu,
Habibu